Gidan da Ya Tashi Daga Kwarin Sak-hang

A tsaunukan kudancin ƙasar Sin an taɓa yin wani gida da ya tashi da kansa, da katangarsa da rufinsa da ƙofofinsa, ya bar wurin da aka gina shi. Ba ambaliya ce ta share shi ba, ba gobara ba ce, ba kuma yaƙi ba. Masu saran gora da suka ratsa kwarin Sak-hang da hantsi sun gan shi zaune kamar kullum. Da suka juyo da la'asar, sai fili fetal.

Gidan zuriyar Yap ne, daga cikin mutanen da ake kira Hakka, wato Baƙi, don kakanninsu daga arewa suka yi ƙaura, suka tarar masu ƙasa sun riga sun kame fadamu, su kuma suka hau duwatsu. Ba sa gina gida ɗai-ɗai. A wurinsu gida ɗaya shi ne ƙauye sukutum. Sai su nemi inda tsauni ke baya, ruwa ke gaba, su haƙa tafki mai siffar rabin wata, su daddaka ƙasa su ɗaga katanga mai kauri, ɗakuna su jeru a lanƙwashe kamar kofaton doki, su rungume zauren kakanni a tsakiya. Wanda ya hau tsauni ya leƙo zai ga rabi gida, rabi ruwa, sun haɗe sun zama zobe.

A wannan gida aka haifi Yap Ten-fuk. Yana saurayi, ko gemu bai tsiro ba, yunwa ta matsa wa kwarin, shi da wansa Ten-loi suka bi jirgin ruwa zuwa wata ƙasa mai zafi inda ake haƙar kuza. Da niyyar 'yan shekaru suka tafi, rami ya cinye ƙuruciyarsu. A can Ten-loi ya rasu, yana riƙe da hannun ƙanensa yana cewa, "Kada ka bar ni a ƙasar mutane. Ka kai ni tsaunin bayan gidanmu." Da shekaru suka ja, Ten-fuk ya tono ƙasusuwan, ya wanke su, ya jera su cikin tulu yadda mutanensu ke yi, ya goya tulun ya kamo hanya. A lokacin kansa ya yi fari fat.

Rana na tsaka ya ɓullo ta mashigar kwarin. Ga kurmin da ke bayan gidansu, wanda ba a taɓa sara ba, yana nan. Ga gonakin shinkafa hawa-hawa a jikin tsauni, ciyawa ta cinye su. Ga tafki, ga dandalin da ake shanya hatsi. Gida ne babu. Ten-fuk ya tsaya a inda ƙofa take a da. A nan agwagi ke layi da safe, a nan mata ke bugun wanki suna ba'a da juna, a nan uwarsa ta tsaya ranar da suka tafi, ba ta yi kuka ba sai da suka sha kwana.

A bakin rafin da ke fita daga kwarin akwai wata tsohuwar bishiyar kafur, a gindinta kuma wani ɗan ɗaki na dutse, tsayinsa bai wuce gwiwa ba. Nan ne mazaunin Pak-kung, aljanin da ke tsaron ƙasar kwarin, wanda manya da yara ke kira Babban Kawu. Ten-fuk ya je ya kunna turaren wuta, ya durƙusa. Hayaƙin bai gama tashi ba sai wani ɗan tsoho ya sunkuyo ya fito, tsayinsa kamu ɗaya, gemunsa na jan ƙasa.

Ten-fuk ya ce, "Babban Kawu, mai tsaron bakin ruwa, ɗan Yap ne ya dawo, shi da wansa. Ina gidanmu?"

Pak-kung ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Ɗan Yap, ka makara. Gida ba shinkafa yake ci ba, hayaƙin murhu yake ci. Matasanku sun bi teku, tsofaffinku sun hau tsauni ɗaya bayan ɗaya. Murhun ƙarshe ya huce, gida ya jira har yunwa ta ci ƙarfinsa, ya tafi Kwarin Gidaje Marayu."

"To, ka ba ni izini in binne wana, in ya so ni in kwanta a gefensa."

"Ƙasar tsaunin nan ba ta karɓar ƙashin wanda ba shi da gida a gindinta. Ko ka haƙa, za ta tofo shi."

Ten-fuk ya gyara goyonsa, ya ce, "To, nuna mini hanya."

Pak-kung ya koma ciki ya fito da wani ɗan kasko cikin kwandon gora, irin wanda tsofaffi ke ɗumama hannu da shi, da garwashi ja a ciki. Ya ce, "Wannan ita ce wutar ƙarshe ta gidanku, ni na ɗauke ta na ɓoye. In ta mutu a hannunka, kai da gidan ba mai dawowa. Hanya tana cikin tafki."

Ten-fuk ya isa bakin tafki ke nan, ruwa ya tsage, wani jan kifi ya taso, girmansa ya kai kwalekwale, gashin bakinsa kamar igiyar guga. Ya ce, "Na san ka. Kai ne mai jefa mini ƙugiya ba tsutsa. Tuɓe takalmanka, sun taka ƙasar wasu. Inda za mu, da tafin ƙafar haihuwa ake shiga."

Ten-fuk ya tuɓe. Kifi ya wage baki, Ten-fuk ya shiga ya zauna a kan harshensa, ya rungume kwandon wuta. Suka nutsa. Ruwa na tsiyayowa ta tsakanin leɓɓan kifin, Ten-fuk ya duƙa ya yi wa garwashin rumfa da ƙirjinsa, sanyi na ratsa masa ƙashin baya. Can sai kifin ya tofo shi a kan yashi, gindin wani tsauni da ba a ganin kansa.

Tun daga ƙasa har cikin gajimare tsaunin nan gonakin shinkafa ne hawa-hawa, kowace cike da ruwa mai ƙyalli kamar madubi. Ya fara hawa, ƙafa ba takalmi, tulu na danna shi. Bai yi nisa ba wasu mata suka miƙe daga cikin shinkafa, dogaye kamar gora, sanye da malafa mai baƙin ƙyalle zagaye da bakinta, irin ta matan Hakka. Iska ta ɗaga ƙyallen ɗaya, ya ga babu fuska a ciki. Suka gitta sandunan dakonsu suka tare hanya.

Babbarsu ta ce, "Mu ne masu noman tsaunin da aka bari. Ba mai wucewa sai wanda ya amsa waƙa da harshen uwarsa." Ta ɗaga murya, tsauni ya amsa:

"Wa ya sha ruwan rafi ya manta mafari?
Wa ya bar ƙofa buɗe, iska ta zama mai gida?"

A kwarinsu, in mace ta jefo waƙa daga wancan tsauni, namiji na wannan tsauni yakan mayar mata nan take. Ten-fuk ya buɗe baki, sai kalmomin ƙasar kuza suka riga na gida fitowa. Nan take gaɓar da yake tsaye ta zabtare, ya zame har ƙugu cikin taɓo, ya ɗaga kwandon wuta sama. Ya sake gwadawa, harshen ya sake karkacewa, taɓo ya kai masa ƙirji. Matan suka matso, sandunansu na ƙara.

Sai ya ji wani ɗumi a bayansa. Daga cikin tulu wata murya ta fara gunji ƙasa-ƙasa, ba kalma, sai karin waƙa kawai. Karin Ten-loi ne, wanda yake yi in suna kora ɓaunar noma zuwa rafi. Hawaye suka zubo wa Ten-fuk, ya ce, "A-ko, yayana, ashe kana ji." Ya bi karin, kalmomi suka dawo masa kamar tumakin da suka ji kiran mai su:

"Ruwa ya yi nisa, amma ɗanɗanon dutse na bakinsa.
Mai ƙofa ya dawo, da furfura, da wuta a hannu."

Matan suka sauke sanduna. Babbarsu ta miƙa masa tata, ta fizgo shi daga taɓo, ta ce, "Muryar ta tsufa, amma ta gida ce. Wuce."

A kan tsaunin ya tarar da wata hanya siririya a bisa tozo, rami dama, rami hagu, iska mai sanyi na kaɗawa daga arewa. Hanyar cike take da mutane, jerin gwano ba farko ba ƙarshe, duk sun fuskanci kudu: maza ɗauke da garma, mata da tukwane, kusan kowa da tulu a bayansa irin na Ten-fuk. Ƙafafunsu ba sa taɓa ƙasa. Da suka ga jan garwashi sai suka tsaya cak, suka kewaye shi suna miƙo hannuwa farare kamar toka.

Wani tsoho mai kafaɗu kamar ƙofar gari ya fito gaba, ya ce, "Mu ne waɗanda suka taso daga arewa ba su iso ba. Tun zamanin da ba ka da labari muke tafiya cikin sanyi. Ka bar mu mu ji ɗumi."

Ten-fuk ya san duk hannun da ya matso sai ya rage wutar. Ya dubi garwashin, ya dubi wata mata da ke rawar ɗari da jinjiri a ƙirji. Ya ce, "Kaka, wutar gidan Yap ce, ba a taɓa hana baƙo ita ba. Ku matso."

Suka yi ta zuwa. Garwashi ya koma kamar goro, ya koma kamar wake, ya koma kamar ƙwayar gero. Ten-fuk ya cire malafarsa ya yayyage ya saka. Ta cinye. Ya kakkarya sandarsa ya saka. Ya tuɓe rigarsa ya yaga, ya rage daga shi sai wando, haƙoransa na haɗuwa, yana hurawa yana sakawa. Da na ƙarshe ya janye hannunsa, wutar na nan da ranta, da ƙyar.

Tsohon ya ce, "Jikana, jininmu bai lalace ba." Ya ɗaga sandarsa ya bugi gajimare, gajimare ya dare gida biyu, wata gangara ta bayyana.

A ƙasan gangarar ne Kwarin Gidaje Marayu. Ten-fuk bai taɓa ganin abu irin wannan ba. Gidaje ne iya ganin ido: wasu kewayayyu kamar ganga, hawa kan hawa, tagogi ƙanana can sama, wasu masu kusurwa huɗu kamar akwati, da hasumiya a kowace kusurwa, wasu masu lanƙwasa irin nasu. Ba tafki gabansu, ba tsauni bayansu. Suna ja da ciki a hankali a kan ƙasa mai launin toka, kamar shanun da fari ya kama.

Ƙamshin hayaƙi na isa gare su sai duk suka juyo da ƙofofinsu. Ƙasa ta girgiza. Suka nufo shi, katanga na gogar katanga, ƙofofi na buɗewa suna rufewa kamar bakunan mayunwata, kowane na kira da murya mai kauri, "Ni! Shigo nan! Ni ne naka!" Wani kewayayye ya kusa murƙushe shi da gindin katangarsa. Ten-fuk ya ruga ta tsakanin gidaje biyu, tulu na ƙara a bayansa, ya ɗaga murya ya ce, "Gidan Yap na Sak-hang! Mai rijiya a hagun zaure, mai dokin ƙofa da ya lotsa a tsakiya! In kana nan, ka amsa!"

Gidajen suka yi tsit, suka ja baya. Can ƙarshe ga wani zaune shi kaɗai, bai ko motsa ba. Ten-fuk ya je gabansa ya durƙusa.

Ƙofa ta buɗe a hankali, murya ta fito daga cikin katanga, ta ce, "Na ji ƙamshin wutata tun kana kan tozo. Ban taso ba, don ba ni na tafi na bar wani ba."

Ten-fuk ya ce, "Uban gidaje, wanda ya ɗauke mu a cinyarsa, na zo in mai da kai gida."

"Shigo ka gani tukuna."

Ya tsallake dokin ƙofa. Tsakar gida cike take. Ga kakansa na saƙa kwando. Ga yara na zagaye rijiya. Ga uwarsa zaune bakin ɗakinta, da ƙuruciyarta, tana daka ganyen shayi da gyaɗa a kasko, tana share gumi da bayan hannu yadda ta saba. Ya kira ta, ta ɗago ta yi murmushi, amma idonta ya ratsa shi ya wuce.

Gida ya ce, "Waɗannan abin da katangata ta haɗiye ne. Ka ajiye wutar a ƙasa ka bar ta ta mutu, ka zama ɗaya daga cikinsu. Uwarka za ta gan ka, za ta miƙo maka shayi, ba tsufa ba rabuwa. In kuwa ka kunna murhu, zan koma Sak-hang, amma wofi zan koma. Za ka zauna kai kaɗai da ɓeraye."

"Wana fa?"

"Nan babu ƙasa, toka ce. Zai zauna cikin tulunsa har abada."

Ten-fuk ya tsaya yana kallon hannun uwarsa na juya taɓarya. Ya daɗe. Kwandon wuta ya yi ƙasa a hannunsa har ya kusa taɓa daɓe. Sannan ya ɗago shi, ya ce, "Ita ta samu makwanci a tsauni. Shi bai samu ba. Zan kunna."

Gida ya yi ajiyar zuciya, ƙura ta zubo daga rufi. Ya ce, "To, ga sharaɗi. Ka bi ɗakunana tun daga dama, ka kira sunan mai kowane. Ɗakin da ka kira sunan mai shi zai bi mu. Wanda ka manta, nan zai zauna."

Ten-fuk ya dafa ƙofar farko. "Kawu Sin-fat, mai yin takalman ciyawa." Ƙofa ta yi ƙara ta amsa. "Gwaggo Kiu-moi, mai tsoron tsawa. Kaka Fo-sang, wanda ya ce ya taɓa kokawa da damisa. Tagwaye, A-man da A-then, ɓarayin lemu." Ya yi ta bi yana kira, wani sunan da dariya, wani da kuka, kowane ɗaki da ƙamshinsa, wannan na taba, wancan na busasshen ganyen miya. Sunayen da bai furta ba tun yana saurayi suka riƙa zuwa da kansu. Har ya kai ɗakin ƙarshe, na kusa da turken ɓauna.

Ga ta nan zaune, ƙaramar mace mai tabo a haɓa, tana tona toka. Mijinta ya mutu tun tana amarya, ba ta haihu ba. Ita ce ke kiran yara da yamma ta ba su gasasshen dankali. Ten-fuk ya san fuskar, ya san tabon, ya san ɗanɗanon dankalin. Amma kowa Suk-me yake ce mata, wato matar kawu.

Ya ce, "Suk-me."

Gida ya ce, "Suk-me da yawa sun kwana a cikina. Suna nake nema."

Ya dafe kai, ya lalubo ko'ina, babu. Garwashi ya fara yin fari a gefe. Ten-fuk ya sunkuyar da kai gaban matar, ya ce, "Ki yafe mini," ya ruga murhun babban madafi, ya juye wutar cikin busasshen ƙaiƙayi, ya hura da dukan numfashin da ya rage masa.

Hayaƙi ya tashi. Katanga ta sha, ta yi miƙa, ginshiƙai suka yi ƙara. Uwarsa ta dushe, yaran suka dushe. Ten-fuk ya ji ƙasa ta bar ƙafarsa, ya rungume tulu ya runtse ido. Da ya buɗe, hasken safiya ne, ga tafki a gaban ƙofa, ga kurmi a baya, zakara na cara a wani ƙauye can nesa.

A ranar ya hau tsauni ya haƙa. Ƙasa ta buɗe masa da laushi kamar garin tuwo, ta karɓi tulun. Ya juya bakinsa ya fuskanci rufin gida, ya ce, "A-ko, mun iso."

Gida ya dawo cif, in ban da ƙarshen lanƙwasar hagu, inda ɗakin Suk-me yake a da, aka bar giɓi kamar wawulo. Ta nan iska ke shiga, ta nan ruwan sama ke feso. Ten-fuk ya zauna shi kaɗai, yana share tsakar gida, yana noma 'yar gona ɗaya, bai taɓa bari murhu ya huce ba.

Wata rana da sanyin kaka ya binne dankali a toka. Da ya sa hannu zai ciro, ya ƙone, ya yarfar yana tsotsar yatsa. Sai ya ji muryar nan a kunnensa tangaran, tana dariya yadda take yi wa yara: "Ku matsa, ku bar wa Nyuk-lan, hannun Nyuk-lan ba ya tsoron wuta."

Ya tashi da gudu irin na tsoho, ya faɗi gaban bishiyar kafur, yana haki. "Babban Kawu! Nyuk-lan! Sunanta Nyuk-lan!"

Pak-kung ya leƙo, ya girgiza kai, ya ce, "Kifi ba ya ɗaukar mutum sau biyu, ɗan Yap. Abin da aka bari a can ya zauna."

Ten-fuk ya ce, "To, ƙasar gini ai ba ta ƙare a kwarin nan ba."

Washegari ya haƙo jar ƙasa, ya kwaɓa da farar ƙasa da ruwan shinkafa, ya kafa katakai biyu a giɓin, ya zuba, ya ɗauki taɓarya. Dum. Dum. Ƙarar ta ratsa kwarin ta haura tsauni. Masu saran gora suka ji, suka gangaro, suka tsaya baki buɗe suna kallon gidan da suka rantse ya ɓace. Babbansu ya ce, "Kawu, ɗakuna sun yi maka yawa, wa kake gina wa wani?"

Ten-fuk ya ce, "Wata mai gasa dankali."

Mutumin ya dubi tsohon yana fama da taɓarya. Ya ajiye addarsa, ya karɓa. Sauran suka ɗebo ƙasa. Matansu suka kawo abinci, suka ga ɗakuna a buɗe da rijiya mai daɗi, kafin damina wasu suka kwaso tukwanensu suka tare.

Ranar da aka ɗora rufi, Ten-fuk ya hana kowa shiga. Ya ɗauko garwashi daga babban murhu, ya kai ƙaramin murhun sabon ɗakin, ya binne dankali a toka. Sannan ya fito bakin ƙofa, ya tattara yaran baƙin nan, ya zaunar da su, ya sa suka yi ta maimaita sunan har kowa ya iya, kafin ya ba su ko ɗaya.